Tsatsa, Fenti da Walda: Matsalar Adana Tsoffin Bindigogin Maxim da Vickers

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda ake kula da tsoffin bindigogi masu jigida, musamman Maxim da waɗanda aka ƙera a kan tsarinta, a hannun masu tara kayan tarihi da kuma gidajen adana su. Ta bi diddigin abubuwa uku da ke cin waɗannan bindigogi: tsatsar da ke zuwa da kanta, gyaran da ya wuce kima, da waldar da doka ke wajabtawa don a kashe aikinsu. Hujjar maƙalar ita ce tsohuwar bindiga shaida ce ta tarihi, kuma da yawa daga abin da ake kira gyara shafe wannan shaida yake yi. Daga nan ta juyo ga abin da wannan ke nufi ga gidajen tarihinmu.

Gabatarwa



A shekarar 2008, a taronsa na birnin Delhi, kwamitin kula da adana kaya na Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya, wato ICOM, ya raba aikin kula da kayan tarihi gida uku. Akwai rigakafi, wato gyara muhallin da abu yake ciki ba tare da an taɓa jikinsa ba. Akwai magani, wato tsayar da lalacewar da ta riga ta fara. Akwai kuma maidowa, wato yi wa abu aiki don ya koma kusa da kamanninsa na da. Masu tara tsoffin makamai, a Turai da Amurka inda wannan sha'awa ta fi yawa, sun fi karkata ga na ukun. Mutum ya sayi bindiga mai shekara ɗari da 'yan kai, burinsa ya ga ta yi ƙyalli kamar ranar da ta fito daga masana'anta. Ra'ayina shi ne wannan buri ya jawo asarar da ta kusa kai ta tsatsa, kuma aikin da ya kamaci mai riƙe da irin wannan kaya shi ne na farko da na biyu. Na ukun sai an rasa yadda za a yi.

Maganata a kan adanawa ce kawai. Yadda ake mai da bindigar da aka kashe ta koma aiki laifi ne a kusan kowace ƙasa, kuma ba shi da gurbi a wannan takarda.

Bindigar da ake magana a kanta

Hiram Maxim ɗan Amurka ne, an haife shi a jihar Maine a 1840, amma a Landan ya ƙera bindigarsa a 1884. Kafin shi akwai bindigogi masu saurin harbi irin su Gatling da Gardner da Nordenfelt, sai dai dukkansu da hannu ake sarrafa su. Dabarar Maxim ita ce ya yi amfani da ƙarfin da ke tura bindiga baya idan an harba: wannan ƙarfi shi ke fitar da kwanson da aka harba, ya jawo sabon harsashi daga jigida, ya sake ɗana bindigar. Tana iya fitar da harsashi kusan 600 a minti ɗaya. Zafin da wannan ke haifarwa ya sa aka kewaye bututun da tankin ruwa mai ɗaukar kimanin lita huɗu, kuma wannan tanki, kamar yadda za mu gani, shi ne babban ciwon kan mai adana ta a yau.

Kamfanin Maxim ya haɗe da na Nordenfelt a 1888, Vickers ya saye su a 1897. Daga tsarin nan ne Jamus ta fitar da MG 08, Rasha ta fitar da samfurin 1910 mai tayoyi da garkuwa, Birtaniya kuma ta fitar da Vickers, wadda sojojinta suka karɓa a 1912 kuma ba su ajiye ta ba sai a 1968. Samfurin Rasha ya sake bayyana a fagen daga a Yukren bayan 2022, abin da ke tuna mana cewa tsufan wannan bindiga bai cire mata haƙora ba.

Mu a nan ba baƙuwa ba ce gare mu. A Omdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, mayaƙan Halifa Abdullahi sama da 10,000 suka kwanta, yayin da waɗanda aka kashe a rundunar Kitchener, kwamandan Birtaniya, ba su kai 50 ba, kuma igwa da Maxim na da babban rabo a wannan tazara. Da irin waɗannan makamai rundunar Kanar Morland ta shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris. A watan Yulin shekarar aka yi karon ƙarshe a Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada. A Satiru, cikin Fabrairun 1906, talakawa da gatura da fartanya suka tarwatsa wata rundunar mahaya dawakai, har ta bar Maxim ɗinta a filin, kafin a dawo cikin Maris a shafe garin. Saboda haka idan Bature yana kallon Maxim a matsayin gwanintar ƙira, mu muna kallon ƙarfen da ya sauya mana mulki. Wannan ya isa dalilin da za mu damu da yadda ake adana ta.

Yadda suka fita daga hannun soja

Da yawa daga cikin tsoffin Maxim da ke hannun jama'a a yau ganimar Yaƙin Duniya na Ɗaya ce. Bayan 1918 Birtaniya da Ostareliya da Kanada da Amurka sun rarraba dubban bindigogin Jamus ga garuruwa da makarantu da ƙungiyoyin tsoffin sojoji. An kafa su a dandali, a gaban ofisoshin hukuma, a gindin duwatsun tunawa da mamata. Ruwa ya dake su, rana ta dake su, duk shekara ma'aikacin hukuma ya zo da bokitin fenti ya ƙara shafawa a kan na bara. A Yaƙin Duniya na Biyu aka kwashe da yawa aka narke don neman ƙarfe. Waɗanda suka tsira su ne suka bi ta hannun magada da dillalai har suka iso ga masu tarawa.

Doka ce ke yanke irin halin da bindiga za ta kasance a hannun mai ita. A Amurka dokar 1934 ta wajabta rajista da harajin dala 200 a kan mallakar irin waɗannan bindigogi, dokar 1986 kuma ta rufe rajistar ga farar hula, ta yadda sai wadda aka yi wa rajista kafin 19 ga Mayu na wannan shekara ake iya saya. Tun da adadin ya tsaya cak, farashi ya haura zuwa dubun dubatar daloli, kuma masu su na iya harba su a jihohin da suka yarda. A Birtaniya mutum ba ya riƙe mai aiki sai da izini na musamman daga gwamnati, don haka abin da ke hannun masu tarawa kusan duk kasassu ne, masu hatimi da takardar shaida daga ɗaya daga gidajen gwajin bindiga biyu na Landan da Birmingham, bisa dokar 1988. A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindiga mai jigida cikin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Ma'ana, a wurinmu wannan aiki na hukumomi ne: gidajen tarihi da na soja.

Abin da ke cin su

Tsatsa na bukatar abu uku: ƙarfe, iska da danshi. Gishiri kuwa shi ke hanzarta ta. A nan tsoffin bindigogin soja suna da wata matsala ta gado. Ɗan maɓallin da ke gindin harsashin wancan zamani, wanda ke tayar da wuta, yana ɗauke da sinadarin da idan ya ƙone yake barin gishirin kuloraid a cikin bututu da kewayensa. Wannan gishiri yana jawo laima daga iska. Mai ba ya narkar da shi, rufe shi kawai yake yi, shi ya sa sojojin Birtaniya ke zuba tafasasshen ruwa cikin bututu bayan harbi kafin su shafa mai. Bindigar da aka kama a fagen daga ba wanda ya wanke ta. Gishirin ya zauna a cikinta shekara da shekaru, yana huda ƙarfen ƙananan ramuka daga ciki alhali waje na nan lafiya.

Tankin ruwa ya fi wannan muni. A ciki ƙarfe da tagulla suna haɗe, kuma duk inda ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu cikin ruwa, ɗaya ne ke cinyewa don ɗayan ya tsira. A nan baƙin ƙarfe ne ke biyan kuɗin. Maxim na farko-farko tankinsu na tagulla ne, ya fi jurewa, amma bututun da ke cikinsa yana shan wahala. Na baya, irin su Vickers, tankinsu siririn farantin ƙarfe ne don rage nauyi, kuma sau da yawa za ka ga fenti a waje sumul, ka ɗan danna da yatsa ka ji ya lotsa, domin tsatsa ta cinye shi daga ciki. A ƙasashen sanyi akwai ƙarin bala'i: ruwan da ya rage a ciki ya daskare ya kumbura ya tsaga tankin. Duk wanda ya karɓi irin wannan bindiga, abin da zai fara tabbatarwa bayan lafiyar mutane shi ne cikin tankin ya bushe ƙarau, kuma iska na iya shiga ta fita.

Yana da muhimmanci mai adanawa ya iya bambance tsatsa mai rai da matacciya. Matacciya launinta baƙi-baƙi ne ko ruwan ƙasa mai duhu, ta kama jikin ƙarfe gam, ba ta zuba. Wannan ba abokiyar gaba ba ce, har tana ɗan kare abin da ke ƙarƙashinta. Mai rai launinta ja-ja ne mai haske, tana ɓarewa, tana barin gari a kan katakon da aka ɗora bindigar, wani lokaci ma za ka ga ɗigon ruwa mai launin rawaya a kanta kamar gumi. Ita ce ke bukatar magani. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki biyun ɗaya, a bi su da burushin waya har a kai ga farin ƙarfe.

Sannan bindigar ba ƙarfe ba ce zalla. Mariƙanta na katako ne, jigidarta ta zane ce mai kauri da ƙananan farantan tagulla, akwai maɗaurai na fata, akwai akwatunan harsashi na katako ko kwano, akwai tiyon da ke kai tururi cikin gwangwani. Kowanne da abin da yake so. Ƙarfe ya fi son busasshiyar iska. Katako da fata kuwa idan iska ta bushe da yawa sai su tsage. Shi ya sa gidajen tarihi ke neman tsaka-tsaki, laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, kuma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne kada ta riƙa hawa da sauka. Fata mai maiƙo idan ta daɗe tana taɓa tagulla sai wani kore mai danƙo ya fito a mahaɗarsu. Wasu katakai, da allunan da ake haɗawa da gam, suna fitar da tururin asid a cikin rufaffen akwati. Soson da ake shimfiɗawa a akwatin bindiga yana riƙe danshi ya manna shi a jikin ƙarfe. Gumin yatsa ɗaya ma yana iya barin zanensa na dindindin.

Aikin hannu

Mataki na farko ba na mai adanawa ba ne, na ƙwararren ma'aikacin makamai ne: ya tabbatar babu harsashi a cikin bindigar ko cikin jigida da akwatunan da suka zo da ita. An sha samun harsashi mai rai a makaman da suka yi shekaru a ajiye. Tsohon albarushi yana ruɓewa ya zama mai haɗari, kuma wurinsa hannun masu kwance bam, ba ɗakin nuni ba.

Akwai kuma guba iri uku da ya kamata a sani. Zaren da ake naɗawa a bakin tanki don kada ruwa ya tsiyaya na asbestos ne, ƙurarsa na jawo ciwon huhu da sankara. Tsohon fenti galibi yana da darma a ciki. Wasu na'urorin saiti na dare an shafa musu fenti mai radiyam, wanda ya daina haske tun tuni amma bai daina fitar da tururin nukiliya ba. Mutumin da ya ɗauki sanfefa ya hau gurzar irin wannan kaya a cikin garejinsa yana shaƙar abin da bai sani ba.

Bayan wannan sai rubutu da hoto. Kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton kowane ɓangare, a rubuta kowace lamba da hatimi, a auna, a nuna inda tsatsa take da inda fenti ya ɓare. Wannan aiki yana cin lokaci, ba ya burge kowa, amma shi ne kaɗai abin da zai rage idan an yi kuskure daga baya.

Tsabtacewa tana farawa da mafi sauƙi: burushi mai laushi da injin zuƙar ƙura. Tsohon giris da ya daskare ana narkar da shi da sinadari mai sauƙi a kan auduga, kaɗan-kaɗan, bayan an gwada a wani lungu da ba a gani. Tsatsa mai rai ana ɗaga ta da tsinken katako ko wuƙar tiyata a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a tsaya da zarar an kai matacciyar da ke ƙasa. Wasu na amfani da asid ɗin tanin, dangin abin da majema ke samu a bagaruwa, don ya mai da tsatsa baƙa mai kwanciya, amma yana sauya launi, don haka bai dace da kowane wuri ba. A ƙarshe a shafa siririn kakin da ake tacewa daga man fetur, irin wanda aka haɗa a ɗakin bincike na gidan tarihin Birtaniya a shekarun 1950 ake sayarwa da sunan Renaissance Wax. Fifikonsa a kan mai shi ne ba ya kwarara cikin katako da fata, ba ya kama ƙura, kuma ana iya cire shi duk ranar da aka so. Fentin da ke ɓarewa ana manna shi da gam irin Paraloid B-72, wanda shi ma ana iya narkar da shi daga baya. Ƙa'idar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce kada ka yi abin da na bayanka ba zai iya warwarewa ba.

Inda gyara ke zama ɓarna

A nan nake so in daɗe, domin nan ne saɓanin yake. Me ake karantawa a jikin tsohuwar bindiga? A kan MG 08 akwai sunan masana'anta, ko DWM ta Balin ko ta gwamnati a Spandau, da shekara, da lambar da aka maimaita a kan ƙananan sassa. Akwai hatiman masu duba aiki. A kan Vickers akwai alamar ko an yi ta a Erith, ko Crayford, ko Lithgow ta Ostareliya, da alamun kowane gyaran da aka yi mata a ma'ajin soja. Wasu bindigogin Jamus na 1918 suna ɗauke da fentin ɓad-da-kama da sojoji suka yi da hannu. A kan na ganima sau da yawa akwai rubutun fenti da ke nuna bataliyar da ta kama ta. Akwai lotsawar da ɓaraguzan bam suka yi, akwai facin da aka yi wa tanki a fagen daga. Waɗannan alamomi ba su da zurfi. Injin gogewa yana shafe su cikin minti kaɗan, feshin yashi kuma cikin daƙiƙa. Garin gyaran gira ake rasa ido: an sami bindiga mai sheƙi, an rasa amsar wa ya yi ta, wa ya riƙe ta, a ina aka ƙwace ta.

Mai son maidowa zai ce yana so ta koma asalinta. Tambayar ita ce wane asali. Ku ɗauki Maxim ɗin da aka ƙera a Tula ta Rasha kafin juyin juya halin 1917, ta faɗa hannun sojojin Finland, suka yi mata gyare-gyare, suka buga mata hatiminsu na SA. Mutanen Finland ne suka fito da faffaɗan baki a saman tanki don a riƙa cusa ƙanƙara maimakon ruwa, dabarar da sojojin Sobiyet suka kwaikwaya a 1941. Wanda ya cire waɗannan sauye-sauye don ya mai da bindigar yadda ta fito daga Tula ya share shekara talatin na rayuwarta, kuma su ne shekarun da ta yi yaƙi. Sassan da lambobinsu ba su dace ba su ma labari ne: suna nuna yadda ma'aikatan makamai ke haɗa bindiga ɗaya mai aiki daga uku da suka lalace. Kasuwa kuwa ta fi biyan kuɗi ga wadda lambobinta suka yi daidai, kuma wannan ya haifar da masu goge lamba su buga sabuwa, da masu zana fentin 1918 na jabu. Bayan hannu biyu ko uku, ƙaryar ta zama gaskiya a takardar gwanjo, daga nan ta shiga littafi.

Yarjejeniyar Venice ta 1964, ko da yake don gine-gine aka yi ta, ta kafa ƙa'idar da ta dace a nan: maidowa ta tsaya inda zato ya fara, kuma duk abin da aka ƙara ya kasance ana iya gane shi. Ban ce kada a taɓa sa sabon sashe ba. Idan ƙafar mazauni ta karye har bindigar ba ta iya tsayuwa, a yi mata wata, a buga mata alamar shekarar da aka yi a inda mai bincike zai gani, a ajiye karyayyar tare da ita. Bindigar da ta yi shekara tamanin a dandali ƙarƙashin fenti bakwai na ma'aikatan hukuma, wannan ana iya cire mata fentin, amma hawa-hawa, ana duba abin da ke ƙasa, domin ta yiwu na asali yana nan. Wanda ke son ganin yadda sabuwa take, akwai inda zai je. Tarin samfuran da gwamnatin Birtaniya ta riƙa ajiyewa a matsayin ma'auni ga masana'antu, wanda ya daɗe a Enfield sannan Nottingham, an miƙa shi ga gidan makamai na Leeds a 2005. Ba a bukatar kowane mai tarawa ya ƙirƙiri nasa da injin gogewa.

Walda da harbi

Kashe bindiga bisa doka yana nufin a toshe bututu, a yanke ko a niƙe wasu sassan ciki, a walde wasu. Birtaniya ta tsaurara ƙa'idar a 1995. Bayan hare-haren Faris na 2015, inda aka gano cewa wasu makaman da aka yi amfani da su a watan Janairu an sayo su ne a Sulobakiya a matsayin waɗanda ba sa harba harsashi mai rai sannan aka mai da su aiki, Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'ida ɗaya ga dukkan ƙasashenta, wadda ta fara aiki a 2016. Masu tarawa sun koka, kuma a fuskar tarihi kukansu na da tushe: abin da ya sa Maxim ta zama Maxim shi ne motsin cikinta, kuma idan an walde shi ya tafi ke nan, babu dawowa. Zafin walda ma yana ƙona fenti da launin ƙarfe a kewayensa.

Duk da haka ina tare da doka a kan abin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane. Mu da muke zaune a yankin da makami ya yi wa illar da kowa ya sani ba za mu ce ran mutum ya jira bukatar mai bincike ba. Abin da nake nema shi ne a raba biyu. Samfuran da ake da su da yawa a kashe su, bayan an ɗauki cikakken hoto da awo na cikinsu. Waɗanda ba su da yawa, ko waɗanda aka san tarihinsu, su tafi cikakku zuwa gidan tarihi mai lasisi da tsaro, inda za a iya raba muhimmin sashe da jikin bindigar a kulle shi a wani wuri daban ba tare da an yanka komai ba.

Game da harbi, masu tarawa a Amurka na cewa ba a fahimtar inji sai an ga yana aiki, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma kowane harbi yana cin bututu, yana gajiyar da ƙarfen da ya haura shekara ɗari, kuma duk sashen da ya karye sai an musanya shi. Bindigar da ake harbawa kowace shekara a hankali take zama wata bindigar. Ana iya ɗaukar bidiyon harbin samfuri ɗaya na gama-gari ya wadatar da malamai da ɗalibai. Ba dalilin da zai sa a saka wadda aka san inda ta yi yaƙi cikin wannan haɗari.

Abin da ya shafe mu

Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ke riƙe da gidan tarihin yaƙi na Umuahia, inda manyan kayan yaƙin basasa da dama ke waje a cikin ruwan saman kudu. A arewa matsalarmu ta bambanta. Da hunturu iska na bushewa har katako da fata su tsage, ƙura ta shiga kowane lungu. Da damina, musamman a Agusta, laima ta hau, ƙurar nan da ta kwanta a kan ƙarfe ta sha ruwa ta zama matattarar tsatsa. Wannan hawa da sauka na kowace shekara ya fi cutarwa a kan zama cikin yanayi ɗaya. Ga gara, wadda ke iya gamawa da akwatin harsashi da jigida cikin damina guda. Na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki awa uku ta mutu awa goma ƙara dagula lamarin take yi, domin duk lokacin da ta mutu raɓa na sauka a kan ƙarfe mai sanyi. Abin da ya fi dacewa da halinmu shi ne rufaffen akwatin gilashi mai kyakkyawan liƙi, da ƙwayoyin silika masu shan laima a ciki, da ɗan ma'aunin laima mai arha, da littafin da ma'aikaci zai riƙa rubuta abin da ya gani kowane mako. A ɗaga kaya daga ƙasa, a nisanta su da bangon waje. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar wutar lantarki.

Akwai wata ƙofa da tarihi ke iya salwanta ta cikinta. Gwamnati, ta hannun cibiyar kula da ƙananan makamai da aka kafa a 2021, tana lalata makaman da aka ƙwace ko suka tsufa, kuma hakan daidai ne. Roƙona shi ne kafin a yanka ko a narke, a bar ma'aikacin gidan tarihi ya duba tarin, haka ma tsoffin ma'ajiyar soja da na 'yan sanda idan za a share su. A cikin dubu ta yiwu ɗaya ce kawai take da darajar tarihi, amma wannan ɗayar idan ta shiga wuta ba ta da madadi. Haka nan bindigogin gargajiya da ke fadodin sarakuna da gidajen 'yan bindiga, da igwa irin ta zamanin Damagaram: ƙa'idojin da na ambata duk sun hau kansu, kuma su ma an fi yi musu illa da sanfefa da fentin mai kafin hawan salla.

Sai batun abin da za a rubuta a gaban akwatin. Gidajen tarihin makamai sun saba rubuta nauyi da tsawo da yawan harsashi a minti, su tsaya nan. A Kano ko Sakkwato wannan bai isa ba. Rundunar da ta ɗauko Maxim zuwa ganuwar Kano hafsoshinta Turawa ne, amma sojojinta da 'yan dakonta 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarabawa da wasunsu, da yawansu bayi ne da suka gudu ko talakawan da suka shiga soja don albashi. Su suka ɗauki bindigar a ka, su suka ɗebo ruwan tankinta. Takardar bayani ta faɗi wannan, ta faɗi waɗanda aka harba, ta faɗi wurin da ranar, da Hausa da ajami da Turanci. Idan kuma ba a tabbatar cewa wannan bindigar ce ta je wurin ba, a rubuta cewa irinta ce, domin lambar da ke jikinta da takardun rundunar da ke ma'ajiyar tarihi ta Kaduna da ta Kew a Landan su ne kaɗai za su iya tabbatarwa, kuma sai lambar tana nan ba a goge ta ba.